Hukuncin Canza Injin Yana Rage Wa Gwajin Neman Gurbi Daraja a Formula 1

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wata doka ta gasar tseren motoci ta Formula 1, wadda take ɗaure wa masu kallo kai, wato dokar da ta ƙayyade yawan kayan injin da direba zai yi amfani da su a kaka guda, da kuma hukuncin mayar da shi baya a layin farawa idan ya haura adadin.

Tun daga 2014, lokacin da aka koma ga injin mai silinda 6 da lita 1.6, wanda yake aiki da fetur da lantarki a haɗe, hukumar FIA mai tsara dokokin gasar ta daina kallon injin a matsayin abu ɗaya. Ta rarraba shi kashi-kashi: ainihin injin mai ƙona mai, da turbo, da na'urori biyu masu tattara ƙarfin da zai tafi a banza, wato MGU-K mai amfana da birki da MGU-H mai amfana da hayaƙin da ke juya turbo, sai batir da kwamfutar da ke sarrafa su. A 2014 an ba kowane direba 5 na kowanne a kakar da aka yi tsere 19, a 2018 aka rage manyan kayan zuwa 3, sannan a 2024, da aka yi tsere 24, aka bar su a kan 4, batir da kwamfuta kuwa 2 kacal. Wanda ya haura a karon farko gurbi 10 ake mayar da shi baya, karo na gaba 5, idan kuma jimillar ta wuce 15 sai ya tashi daga can ƙarshen layi.

Ba na jayayya da manufar dokar. A da, manyan ƙungiyoyi suna iya ɗora sabon injin domin gwajin neman gurbi na ranar Asabar kawai, wanda da shi ake tantance inda kowace mota za ta tsaya a layin farawa, su jefar da shi, su ɗora wani ranar Lahadi, alhali ƙananan ƙungiyoyi ba su da aljihun da zai ɗauki wannan almubazzaranci. Ƙayyadewar ta tilasta wa injiniyoyi su ƙera abin da zai yi ƙarko, kuma sun ƙera. Abin da nake ƙorafi a kansa shi ne wanda hukuncin yake faɗawa a kansa, da kuma yadda yake mayar da gwajin neman gurbi wasan yara.

A tseren Beljiyam na 2015, direbobin McLaren biyu, Fernando Alonso da Jenson Button, an tara musu hukuncin gurbi 105 saboda injin Honda da ya ƙi zama lafiya, a layin da motoci 20 ne kawai suke cikinsa. An gyara wannan abin dariya daga baya, amma tushen matsalar yana nan. A wannan filin dai na Beljiyam, wato Spa, Max Verstappen ne ya fi kowa gudu a gwajin neman gurbi a 2022 da 2023 da 2024, kuma ko sau ɗaya bai tashi daga gurbin farko ba: a 2022 ya tashi daga na 14 saboda injin, a 2023 daga na 6 saboda giyabos, a 2024 kuma daga na 11. Biyu na farkon ya lashe su. Wannan ba tsautsayi ba ne, lissafi ne, domin Spa ya kai kusan kilomita 7, yana da doguwar hanya miƙaƙƙiya da ake wuce mota cikin sauƙi, saboda haka ƙungiyar da motarta ta fi sauri takan ajiye hukuncinta sai an je can. Lewis Hamilton ma ya karɓi sabon injin a Birazil a 2021, ya tashi daga na 10 ya lashe tseren. Ashe ke nan hukuncin da aka yi domin kare marasa ƙarfi ya zama haraji mai sauƙin biya ga masu ƙarfi, yayin da direban da motarsa take tsaka-tsaki, idan aka mayar da shi gurbi 10 baya, ƙarshen makonsa ya lalace tun kafin a kunna fitilun farawa.

Mai kallo kuma fa? Yana zaune ranar Asabar yana ganin direba yana sadaukar da ransa a kowace kwana, alhali kowa ya san lokacin da zai kafa ba zai ba shi gurbin ba. Wani direban da ya san ƙarshen layi zai tafi ko me ya yi, bai ma damu da kafa lokaci ba, sai dai a sa shi ya shiga gaban abokin ƙungiyarsa ya kare masa iska. A filin Monza na Italiya a 2022 direbobi 9 ne hukunci ya hau kansu, aka ɗauki sa'o'i bayan an tashi kafin a san wa zai tsaya a ina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya sami Carlos Sainz a Las Vegas a 2023. Yana cikin atisayen farko sai murfin ramin bututun ruwa da ke kan titin ya ɓalle ya bugi ƙasan motarsa ta Ferrari, ya lalata batirin tare da wasu kayan. Ba laifinsa ba ne, ba kuma na ƙungiyarsa ba, amma alƙalan tseren suka ce doka ba ta ba su ikon yafewa ba, suka mayar da shi gurbi 10 baya. Ya zo na 2 a gwajin, ya tashi daga na 12. Charles Leclerc ma ya rasa injin a Hungari a 2021 bayan wata motar ta faɗa masa a kwanar farko.

A ganina, ya kamata a raba canjin da ƙungiya ta yi da gangan domin neman ƙarin ƙarfi da wanda haɗari ya tilasta. FIA tana sa hatimi a kan kayan injin tana kuma duba su, don haka tantance abin da karo ya farfasa ba zai gagare ta ba. Wasu suna cewa a cire wa ƙungiya maki a teburin masu ƙera motoci a ƙyale direba. Shawarar tana da daɗin ji, sai dai ƙungiyar da kambun direbobi kawai take hari za ta zubar da waɗancan makin ba tare da ta waiwaya ba. Dokokin 2026 sun cire MGU-H sun kuma ɗaga ƙarfin MGU-K daga kilowat 120 zuwa 350, kuma sabon injin bai cika rasa laulayi ba a shekarunsa na farko, musamman ga sabon shiga irin Audi. Saboda haka ina ganin wajibi ne a bai wa alƙalan tsere ikon yafe hukunci a duk inda aka tabbatar cewa lalacewar ta fito ne daga filin tseren ko daga motar wani.

Naka,
Mai bibiyar tseren motoci