Wasiƙa daga Birmingham kan fanshon Baffa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da su Inna da yara. Na ji kun matsa Baffa ya tattaro ya dawo Kano tunda ya ajiye aiki. Kafin a sa rana, ga yadda lamarin yake.

Fanshon gwamnatin Birtaniya zai bi shi har gida, wannan ba damuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarin da ake yi duk watan Afrilu. Ƙarin nan na mazauna Birtaniya ne da ƙasashen Tarayyar Turai, sai ƙasashen da aka yi yarjejeniya da su, irin su Amurka da Jamaika da Filifin. Najeriya ba ta ciki, haka Nijar da Gana. Kai, ko Kanada da Ostireliya ma ba sa ciki. Abin da yake karɓa ranar da ya tashi, a nan zai tsaya. Dubi: a 2016 cikakken sabon fansho fam 155.65 ne a mako, a Afrilun 2025 ya kai fam 230.25. Wanda ya koma gida a 2016 har yau yana kan tsohon kuɗin, tsadar kaya kuwa ba ta jiran kowa.

Tallafin Pension Credit da ake cika masa da shi, wannan ba ya ƙetare ruwa. Ya wuce mako huɗu a waje, a yanke. In rasuwar makusanci ce ta kai shi, mako takwas. Ko aikin Hajji zai haɗa da ziyarar gida, sai ya lissafa kwanakinsa. In ya tafi bai sanar ba, duk abin da aka biya shi na tallafin nan bayan ya daina cancanta bashi ne, za a karɓe.

In dai ya ƙudurta, to ya fara sanar da International Pension Centre, ofishin gwamnatin Birtaniya mai kula da fanshon waɗanda ke zaune a ƙasashen waje, ya zaɓi bankin da za a riƙa zuba kuɗin, na nan ko na can. Lokaci-lokaci za su aiko da takardar shaidar cewa yana raye, wani mai muƙami kamar likita ko lauya ya sa hannu, a mayar. In ta maƙale a gidan waya, biya ya tsaya. Don haka a ba su adireshin da wasiƙa ke isa, ba gidan gona ba.

Sai maganar asibiti: ya daina zama a nan, jinyar kyauta ta NHS, wato hukumar lafiyar Birtaniya, ta kuɓuce masa, ga shi da hawan jini. Ku tambayo mini kuɗin maganinsa na wata a Kano, mu yi lissafi tukuna.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka