Godiya ga sashen tiyatar ciki da ya raba ni da ƙwannafi

Assalamu alaikum, likitoci da ma'aikatan jinya.

Tun ina kwance a gadonku na yi niyyar rubuta wannan, sai yau Allah ya nufa.

Shekara bakwai ƙwannafi yana cina. Da na kishingiɗa sai ruwa mai tsami ya taso har maƙogwaro, in farka tsakar dare ina tari, da safe murya a dishe. Filo uku nake jerawa. Maganin omeprazole ya rage zafin, amma tasowar tana nan. Babban likitanku ne ya zana mini dalilin a bayan takarda: tsamin kawai maganin yake ragewa, ba ya ɗaure bakin tumbin da ya saki.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ba ku yi gaggawar kai ni ɗakin tiyata ba. Aka leƙa cikina da na'ura, aka auna tsamin na awa 24 da siririn tiyo ta hanci (wannan kam ba zan yabe shi ba), aka gwada ƙarfin haɗiyata. Sannan kuka zaunar da ni. Kun ce akwai TIF, aikin ɗaure bakin tumbi da ake yi ta baki ba yanka, sai dai saman tumbina ya kutsa ƙirji fiye da santimita 2, don haka shi kaɗai ba zai riƙe ba. Kun nuna mini hoton LINX, zoben maganaɗisu na ɗaure bakin tumbi da Amurka ta amince da shi a 2012. Na tsaya a kan aikin Nissen, inda ake naɗe saman tumbi a bakin hanyar abinci. A da sai an tsaga ciki, amma tun 1991 ake yinsa ta ƙananan huji. Nawa biyar ne, kowanne bai kai faɗin babban yatsa ba.

Ba ku kuma ɓoye mini wahalarsa ba. Kun ce haɗiya za ta yi nauyi na wasu makonni, gyatsa za ta yi wuya, ciki zai riƙa kumbura. Haka aka yi, kuma da yake na sani ban tsorata ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta riƙe hannuna daren farko tana cewa "Baba, kurɓi kaɗan-kaɗan", Allah ya yi mata albarka.

Wata biyar ke nan ina kwana da filo ɗaya. Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
wani tsohon majinyacinku