Rahoton Kwamitin Unguwa Kan Gyaran Kwatar Layinmu

Assalamu alaikum. Zuwa ga Sarkin Zango, limamanmu, Magajiya, iyayenmu maza da mata da sauran 'yan'uwa na gida da na tafiye-tafiye. Aikin kwatar da kuka ɗora mana ya kammala, alhamdu lillahi, kuma ga bayaninsa.

Layinmu yana tsohuwar unguwar zango ta tsakiyar Akra, cikin mazaɓar Odododiodioo, ɗan tafiya kaɗan daga bakin tekun Jamestown. Duk wanda ya taso a nan ya san halin tsohuwar gotar. Bangonta ya tsattsage, rodin ciki ya fito fili ya yi tsatsa, ƙasa da ledojin ruwan sha sun toshe ta. In aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Yuni sai ta tumbatsa ta shiga zauruka, tabarmin masallaci su jiƙe, masu sayar da koko da wake da shinkafa su kwashe kaya. Ba wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a shataletalen Kwame Nkrumah aka rasa rayuka sama da 150. Shekara guda kafin nan, a 2014, kwalara ta ratsa birnin nan. Waɗannan biyun su ne dattawa suka yi ta ambata ranar da aka kafa kwamitin.

Abu na farko da muka yi shi ne rubuta takarda ta hannun ɗan majalisar unguwarmu, domin kwata ta bakin titi ba a fasa ta sai da izinin hukuma. An turo injiniya ya auna, ya nuna mana abin da ba mu lura da shi ba: tsakiyar kwatar ya lotsa, shi ya sa ko an yashe ta ruwa yake kwanciya. Yasa kaɗai ba za ta yi magani ba, sai an fasa wannan sashe an sake zuba kankare da gangara daidai.

A nan ne aka fi jan magana, kuma muna so ku ji dalilin da kuɗin kaya ya haura abin da aka fara faɗa a masallaci. Gini a bakin teku daban yake da gini a Kumasi ko Tamale. Iskar nan ɗauke take da gishiri, tana ratsa kankare mai rauni ta kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginin daga ciki. Abin da ya kashe tsohuwar kwatar ke nan. Wani mai kawo yashi ya sauke mana tifa ɗaya a farashi mai sauƙi. Babban magininmu ya damƙa, ya ɗanɗana a harshe, ya ce yashin bakin teku ne. Wasu daga cikinmu suka ce a wanke shi a yi amfani da shi tunda ya riga ya zo. Kwamiti ya ƙi. Ɗibar yashi a gaɓar teku haramun ne a dokar ƙasa, yana kuma ƙara wa teku hanyar cin gidajen mutane, ga gishirin da zai shiga cikin aikin da hannunmu. Muka mayar masa, muka sayo yashin tudu da tsakuwar dutse, muka ƙara siminti a kwaɓi, aka kuma bar kauri mai kyau tsakanin rodi da fuskar kankare. Jinkirin ya ci mana kwanaki, amma har yau muna ganin shawarar nan ita ce mafi alheri da muka yanke.

Kuɗin ya fito ne daga karo-karon gidaje, asusun Juma'a, adashin mata, da abin da 'ya'yanmu na Turai da Amurka suka aiko. Mun kuma shigar da buƙata a wajen majalisar gundumarmu, domin kundin tsarin mulki na 1992 ya tanadi a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ga majalisun gundumomi, kuma a 2017 an yi dokar asusun raya zanguna. Neman irin wannan haƙƙinmu ne, ya kamata matasanmu masu karatu su koyi yadda ake bin takardunsa. Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, sidi da fesuwa, yana manne a allon masallaci tare da rasitai.

Aikin ƙarfi kuwa gayya ce ta yi shi. Maƙwabtanmu masunta 'yan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ranar Talata, sai suka riƙa zuwa mana da shebur da baro ba tare da an roƙe su ba. Gayyar ƙarshe ta faɗo cikin watan hana kiɗa da hayaniya da sarakunan Ga ke sanyawa kafin bikin Homowo, don haka ba mu yi shela da lasifika ba. Magajiya da samari suka bi gida-gida, kuma jama'a sun fito fiye da kullum. Allah ya saka wa iyayenmu mata da suka ɗauki nauyin abincin leburori.

An yi ruwa mai ƙarfi bayan an cire katakon da ya riƙe ɗanyen kankaren, ruwan ya wuce bai taɓa zaure ko ɗaya ba. Marafen kankaren an yi su yadda mutum biyu za su iya ɗagawa a yashe, an kuma sa raga ta ƙarfe a bakin shiga don tare leda. Wannan ragar za ta buƙaci fenti duk shekara saboda gishiri.

Abin da ya rage shi ne mahaɗar da kwatarmu ke zuba wa babbar magudana ta titi, wadda ba ta cikin hurumin kwamiti. Takardarta tana hannun ɗan majalisar unguwa. Yasa kuma za a riƙa yin ta Asabar ɗin farko ta kowane wata bayan sallar asuba, kowane gida ya turo mutum ɗaya.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran membobi.