Wasiƙar godiya ga shagon kayan sauti na gefen Babbar Kasuwar Maradi

Zuwa ga Alhaji mai shago, da yaransa masu kula da masu saye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Alhaji, na rubuto wannan wasiƙa a fili ne domin godiyar da na yi muku a bakin shago ba ta ishe ni ba, kuma domin matasan garin nan masu son ɗaukar waƙa a gida da kwamfuta su san irin kulawar da ake samu a wajenku. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kun hana ni sayen makirufo mai tsada alhali kuɗinsa na cikin aljihuna, kuka ba ni wanda ya dace da ɗakina, ko da yake kuɗinsa bai kai na wancan ba.

Na zo ne da nufin sayen makirufo irin na kondensa, wanda ake gani rataye a manyan ɗakunan ɗaukar sauti. Kafin ku taɓa kowane kwali sai da kuka tambaye ni yadda ɗakina yake, ko rufinsa na kwano ne, ko tagarsa tana kallon titi, ko kuma ina iya kashe fanka a lokacin zafi. Da na ce muku ɗaki ne na siminti mai rufin kwano, kuma masu kabu-kabu ba sa yankewa a ƙofar gidanmu, sai kuka zaunar da ni kuka bayyana mini bambancin da ke tsakanin makirufo iri biyu. Na kondensa yana da siririn faifai mai motsi a gaban wani faifan da ke kafe, yana bukatar wuta mai ƙarfin volt 48 kafin ya yi aiki, kuma jinsa yana da kaifi ƙwarai, shi ya sa yake fito da laushin murya, amma tunda akan ja baya kaɗan a yi waƙa a gabansa, amsa-kuwwar bango da kukan babur da carar zakaran maƙwabta duk sukan shiga tare da muryar. Na dinamik kuwa faifansa yana manne da naɗaɗɗiyar waya a cikin maganaɗisu, motsin iskar murya ne yake haifar da ƴar wutar da ke ɗauke da sautin, ba ya bukatar wata wuta daga waje, yana jure faɗuwa da zafi, kuma da yake ana kai baki kusa da shi, murya tana rinjayar hayaniyar gari. Kuka ce a ɗaki irin nawa wannan na biyun ne zai ba ni sauti mai tsabta, kuma abin da na gani ke nan tun daga ɗaukar farko.

Wanda kuka zaɓa mini shi ne Shure SM58, makirufon da ya fito tun 1966 kuma har yau mawaƙa suke amfani da shi a dandali a ko'ina cikin duniya. A nan ma na ga gaskiyarku, domin kun gaya mini ƙarara cewa jabunsa ya yi yawa a kasuwanni, kuka haɗa naku da lasifika kuka sa na yi magana ta gabansa, sannan ta bayansa, don in ji da kunnena yadda yake karɓar sautin gaba yana rage na baya. Wannan ɗabi'a tasa ce ta sa yanzu nake juya bayansa ga taga duk lokacin da zan yi ɗauka.

Ba ku ɓoye mini cewa akwai makirufo mai kebul na USB da ake cusawa kai tsaye a kwamfuta ba, kuma kun ce ya wadatar ga mai karatu ko mai shirin magana shi kaɗai. Amma da kuka ji cewa ina son ɗaukar murya da gurmi a lokaci guda, sai kuka ba ni shawarar katin sauti mai ƙofa biyu, wato ƴar na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, da kebul na XLR mai haƙora uku, wanda yake kare sauti daga ƙugin da dogon kebul kan kwaso. Kun nuna mini maɓallin da ke sa in ji muryata kai tsaye daga katin, ba tare da jinkirin da ke rikita mawaƙi idan sautin ya bi ta cikin kwamfuta ya dawo ba, kuka kuma nace a kan in sayi abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya, don kada kiɗan da nake bi ya tsiyaya cikin makirufo.

Babban yaronku, Allah ya yi masa albarka, shi ya koya mini aiki da kayan, kuma bai karɓi ko dala a kan haka ba. Ya sa mini Audacity, manhajar ɗaukar sauti da ake samu kyauta, ya saita ingancin ɗaukarta a kan bit 24, ya nuna mini cewa idan waƙar za ta hau bidiyo gara a ɗauke ta a kilohaz 48, saitin da aka saba da shi a bidiyo. Darasinsa da na fi amfana da shi shi ne na ƙarfin sauti: ya ce in rera wurin da muryata ta fi tashi a cikin waƙar, in murɗa maɓallin ƙarfin sauti na katin har ma'aunin manhajar ya tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili, domin sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, amma wanda ya buge sama ya fashe ba shi da gyara. Ya ce in bar tazarar kamar yatsu huɗu tsakanin bakina da makirufo, in ɗan karkata gefe saboda iskar da ke fita tare da wasu harufa, kuma in sani cewa duk lokacin da na matsa sosai muryar za ta yi kauri fiye da yadda take. Ga gurmi ya nuna mini in ja makirufo kamar taƙi ɗaya daga ƙoƙon, ina matsar da shi kaɗan-kaɗan ina saurare har in sami wurin da tsirkiya da fata suke fitowa daidai. Kalangu kuwa, da yake da ƙarfi, ya ce a rage maɓalli a ba shi fili.

Game da ɗakin, ya hana ni ɓata lokaci wajen manna kwalin ƙwai a bango, wanda matasa da yawa suke yi da zaton yana tare hayaniya, alhali ba ya tare ta. Katifa a jingine da bango, bargo mai kauri a rataye bayan mai waƙa, da darduma a kan siminti, su ne suka kashe mini amsa-kuwwa.

Bayan na fara aiki wani ƙugi ya riƙa fitowa a ƙarƙashin duk abin da na ɗauka. Na dawo da tunanin ko kayan ne suka sami matsala, ba ku nuna ɓacin rai ba, kuka turo yaron har gida. Ya zare cajar kwamfutar daga bango, nan take ƙugin ya ɗauke, ya bayyana mini cewa daga wutar gida yake shigowa ta hanyar cajar. Tun daga nan nake cika batir in yi ɗauka a kansa, wanda kuma ya raba ni da fargabar ɗaukewar wuta a tsakiyar baiti. Shi ne kuma ya gargaɗe ni game da ƙurar hunturu, ya ce in riƙa mayar da makirufo cikin jakarsa da zarar na gama, in kwance kansa lokaci-lokaci in wanke ragar, in bar ta ta bushe sarai kafin in mayar.

Ina da roƙo ɗaya, Alhaji. Akwai yara da yawa a unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo da Bagalam masu baiwar waƙa, waɗanda suke tara kuɗi da ƙyar su sayi kayan da ba su dace da ɗakunansu ba. Idan da hali, ku ware wata rana a wata da yaronku zai zauna da su ya nuna musu abin da ya nuna mini, ni kuma zan zo da makirufona da gurmina don a yi gwaji a gabansu.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a.

Naku mai godiya,
wani mai ɗaukar waƙa a gida, unguwar Zariya, Maradi.