Sanarwa kan batun bulala

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Daga ranar Asabar kwamiti ya hana dukan yara a Islamiyyarmu: ba dorina, ba tsumagiya, ba ranƙwashi. Kun dai ga yaron nan ɗan aji biyu, tafin hannunsa ya kumbura, kwana uku bai iya riƙe alƙalami ba. Laifinsa makara, alhali ɗiban ruwa aka aike shi.

Ba mu muka fara ba. Suwidin ta haramta dukan yara har a cikin gida tun 1979, Kenya kuma a makarantu a 2001. Ni ma na sha bulala, ɓoye laifi kawai ta koya min.

Mai laifi zai yi shara, in ya maimaita a kira mahaifinsa. Mai ƙorafi ya same ni bayan la'asar, don Allah kada a cika mana rukuni da saƙon murya.