Godiya ga sutudiyon da ke bayan kasuwar Wadata, Yamai

Assalamu alaikum. Na ga ya fi dacewa in yi muku godiyar nan a bainar jama'a.

Ni makaɗin fiyano ne, da kiɗan biki nake ciyar da iyalina. Wani abokina a Kano ya turo mini kiɗa shida da ya haɗa a fiyanonsa na Yamaha, dukansu fayil na MIDI. Na zuba su a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa ta kwamfuta, layuka suka jeru, alama tana gudu, amma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Biki saura mako guda, ga shi na riga na karɓi kuɗin kafin alƙalami.

Wuri biyu na je kafin ku. Na farko ko buɗe fayil ɗin bai yi ba, ya ce kwamfutata ce ta kamu da cuta, in kawo jika biyar a goge komai. Na biyu ya ce sai na sayi sabuwar na'urar sauti, kuma a wurinsa. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Da na shigo wurinku, wani matashi ya miƙo mini kujera da ruwan sanyi, ya ce, "Yaya, kwamfutarka lafiyarta lau." Ya bayyana mini cewa babu sauti ko kaɗan a cikin MIDI. Umarni ne kawai: wane maɓalli za a taɓa, yaushe, da wane ƙarfi. Sai an ba shi kayan kiɗan da zai bi umarnin. Fayilolina sun sauka a kan MIDI Out, sashen manhajar da ke tura umarni kawai, wanda shi kansa ba ya fitar da sauti. Ya ɗora kayan kiɗa na cikin manhajar, ya daidaita lambar mashigarsa da ta MIDI Out, nan take fiyano ya amsa. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Saura ganguna, da suke fitowa da muryar fiyano. Ya nuna mini layuka 16 na MIDI, ya ce a tsarin General MIDI na 10 na ganguna ne, maɓalli mai lamba 36 kuma babbar ganga. A kan waɗannan lambobin muka jera sautin kalangun da na ɗauka da kaina. Sannan ya tashi daga kujerar, ya ce in yi fayil na biyu da hannuna yana kallo. Sau biyu ina kuskure, bai ko ɗaure fuska ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a garin nan shi ne masu ɓoye sani don ka yi ta dawowa kana biya. Yara nawa ne suka goge aikin shekara saboda lamba ɗaya da ba ta dace ba?

Jika ɗaya kuka karɓa, shi ma sai da na matsa. Bikin ranar Asabar ne, ƙanena, kujerarka tana nan. Allah ya ƙara buɗi.