Haɗa ƙananan samfuran jirage da motoci ba wasan yara ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani aikin hannu da na shafe shekaru ina yi a nan Jidda, wanda kuma na lura 'yan'uwanmu Hausawa, na nan Saudiyya da na gida, ba su ba shi matsayin da ya cancanta ba. Aikin shi ne haɗa ƙananan samfuran jiragen sama da na ruwa da motoci na roba, waɗanda ake sayarwa a kwali gunduwa-gunduwa, mutum ya zauna ya harhaɗa su da gam, ya goge su, ya shafa musu fenti, har su fito tamkar na gaske sai dai ƙanƙanta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da wani dattijo da nake girmamawa ya faɗa mini. Ya shigo ɗakina bayan sallar isha'i, ya tarar da ni na duƙufa a kan tebur da buroshi a hannu, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, kai da furfura a gemu, me ya haɗa ka da wasan yara?" Ban ba shi amsa ba, domin ba a jayayya da babba, amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda na san ba shi kaɗai yake da wannan ra'ayi ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara. Bayan an gama girbin dawa mukan tsinci kara, mu ɓare ɓawonsa, mu yanka totuwar da reza, mu soke ta da ɓawon har mota ta tashi da ƙofofinta da bodinta, a yi mata tayoyin sakaina ko na tsohon silifas. Waɗanda hannunsu ya fi faɗawa sukan wuce nan su koma motar langa-langa da ta gwangwani. Babu malamin da ya koya mana, ido ne kawai yake ɗauko siffar babbar motar da ta wuce ta bakin gari, hannu kuma ya mayar da ita ƙarama. Da yawa daga cikin makanikai da masu walda da kafintocin da muke alfahari da su a yau daga nan suka fara. Samfurin roba ɗan'uwan motar kara ne, bambancinsu kawai shi ne shi an yi masa awo na ƙa'ida, kuma wannan awon shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

A jikin kowane kwali akan rubuta lamba irin 1/72 ko 1/48 ko 1/144, ma'ana an rage girman abin gaske sau 72 ko 48 ko 144 a tsawo da faɗi da tsayi. Jiragen sama sun fi zuwa a waɗannan ma'aunai uku, motocin hawa a 1/24, motocin soja a 1/35, manyan jiragen ruwa kuwa a 1/350 ko 1/700. Idan ka buɗe kwalin za ka tarar da sassan a manne jikin wani ƙwarangwal na roba kamar 'ya'yan itace a reshe, kowane da lambarsa, tare da takardar da take nuna wanda zai riga wani shiga. Yadda ake yin su bai yi nisa da aikin masu zubin tukwane a kasuwanninmu ba: ana narkar da roba ne a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, in ta huce a fitar. Irin wannan robar, wadda ake kira polistirin, daga man fetur take fitowa, kuma kamfanin SABIC na nan ƙasar yana cikin masu samar da ita, amma kwalayen da muke saye daga Japan da Turai da Sin ake kawo su.

Kamfanonin da suka yi suna a wannan fage ba jiya suka fara ba. Airfix na Ingila ya fitar da samfurin jirgin ruwan nan mai suna Golden Hind a shekarun 1950, ana sayar da shi a leda da araha har yaran talakawa suna iya saye. Tamiya na Japan kuwa ya fara ne a 1946 a garin Shizuoka a matsayin wurin tsaga katako, ya yi samfuran itace kafin ya koma na roba. Tun kafin haka ma, a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 a ma'aunin 1/72, domin a koya wa sojoji bambance jirgin aboki da na abokin gaba tun daga nesa. Ba sai mun je nesa ba ma. Wanda ya taɓa ziyartar gidan baje kolin gine-ginen Harami biyu da ke Ummul Jud a Makka, kusa da masaƙar rigar Ka'aba, ya ga samfurin Masallacin Harami a cikin gilashi, kuma ban taɓa jin wanda ya tsaya a gabansa ya kira shi wasan yara ba.

Amma gani ya kori ji, don haka bari in faɗi yadda aikin yake a kan tebur. Samfurin farko da na saya wani ƙaramin jirgi ne mai farfela ɗaya, kuma na ɓata shi a dare guda. Na ɗauka gam ɗin irin wanda muka sani ne, sai na lafta shi da yawa, alhali shi ba manna sassa yake yi ba, narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, kamar walda. Da na matse gangar jikin jirgin sai gam ya tsattsafo ta gefe, babban yatsana ya hau kansa, zanen yatsan ya zauna daram a jikin robar. Gilashin matuƙi kuma ya yi hazo fari fat, saboda tururin gam ɗin ya cinye shi. Har yau jirgin yana nan a ajiye. Daga baya na koyi cewa ba a fizge sashe daga ƙwarangwal da hannu, yanke shi ake yi da ƙaramar filaya a kankare wurin da aska. Ana gwada sassa biyu a bushe a ga sun zauna kafin gam ya taɓa su. Gam kuma da bakin siririn buroshi ake ɗiga shi a bakin haɗin, shi da kansa zai bi layin ya shige. In an sami giɓi sai a cike shi da foti irin na masu gyaran jikin mota, a bari ya bushe, a bi shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har yatsa ya wuce bai ji komai ba. Jirgin da yake da taya a gaba kuwa dole a ɓoye masa ɗan ƙarfe mai nauyi a hanci kafin a rufe jikinsa, in ba haka ba ranar da aka gama sai ya zauna a kan wutsiya, kuma babu hanyar gyara sai an fasa.

Fenti shi ne inda haƙurin mutum yake bayyana, kuma a nan ne yanayin ƙasar nan yake ba mu wahala. Akan fara da shafen farko mai riƙe fenti, wanda kuma yake tona duk wani aibin da ido bai gani ba. Bayan haka sai a tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa kamar madara, a shafa shi sau biyu ko uku, kowane shafe a jira ya bushe, domin shafe ɗaya mai kauri yana binne ƙananan layukan da suke ba samfurin kamanninsa. A lokacin zafi fenti mai haɗin ruwa yakan bushe a bakin buroshi kafin ya sauka, wanda ake fesawa kuma ya bushe a iska ya faɗo kamar yashi. Laimar teku ta Jidda takan dusashe sheƙi, ƙura kuwa ba ta jin kunya, shi ya sa da na gama shafe nake kifa roba mai murfi a kai. Na taɓa barin wani jirgi a gaban mota da azahar na shiga masallaci, kafin in fito fiffikensa ɗaya ya lanƙwashe. Tambura da rubuce-rubucen jikin jirgi suna zuwa ne a wata takarda da ake tsomawa a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, sai tambarin ya saki, a zame shi da hantsaki zuwa mazauninsa, a danne da auduga. In ba a sa fenti mai sheƙi a ƙarƙashinsa ba, iska takan maƙale a ciki ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Ina kuma jan hankalin duk mai sha'awa da kada ya yi aikin gam da fenti a rufaffen ɗaki yana dogara da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya buɗe taga, ya kuma nisanta aska da hannun ƙananan yara.

Akwai ƙorafi biyu da nake ɗauka da muhimmanci, domin masu yin su mutanen kirki ne. Na farko shi ne batun surantawa. Wasu kwalaye suna zuwa da ƙananan mutum-mutumin matuƙa ko sojoji, kuma ni ba na haɗa su, kujerar matuƙi a wofi nake barinta. Abin da na dogara da shi shi ne abin da ya zo a Bukhari da Muslim, cewa wani mai sana'ar zane ya tambayi Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya gargaɗe shi game da surar mai rai, sannan ya yi masa nuni da yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Jirgi da mota da jirgin ruwa ba su da rai, wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malaminsa. Na biyu shi ne kuɗi. Gaskiya ne mafi yawanmu a nan neman halali ya kawo mu, kowane riyal akwai mai jiransa a gida, kuma wanda ya tara kwalaye goma bai haɗa ko ɗaya ba ya yi almubazzaranci. Sai dai ƙaramin kwali ɗaya yakan ɗauke ni wata guda ko fiye, ina taɓa shi rabin sa'a bayan na dawo daga aiki, kuma na san abin da samari suke kashewa a katin waya da wasannin da ke cikinta a wannan watan.

Samarin nan su ne ainihin damuwata. 'Ya'yanmu da aka haifa a Makka da Jidda da Madina ba su san kara ba, ba su da gonar da za su tsince shi, zafi kuma yana tsare su a ɗaki da waya a hannu tun daga azahar har magariba. Ɗan ƙanwata, wanda lissafi yake ba shi wuya a makaranta, ya zauna kusa da ni ranar da na buɗe kwalin jirgin DC-3. Na gaya masa cewa irin wannan jirgin ne shugaban Amurka Roosevelt ya ba Sarki Abdul'aziz kyauta a 1945, cewa da shi kamfanin jiragen saman Saudiyya ya fara, kuma faɗin fikafikansa ya kai kimanin mita 29. Na ce ya faɗa mini nawa namu zai kai. Ya mayar da mita zuwa santimita, ya raba 2,900 gida 72, ya sami 40 da ɗan kai, sannan ya ɗauko rula ya ɗora a kan fiffiken. Da ya ga awon ya yi daidai sai ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ashe lissafin nan gaskiya ne!" Tun daga ranar shi yake yi mini aikin samfefa, kuma ya daina tambayata yaushe za mu gama.

Roƙona ga iyaye shi ne kada su kori yaro in sun ga yana yanke-yanke da manne-manne, ko da kwali da murfin kwalba yake yi. Ƙungiyoyinmu na Hausawa mazauna nan da makarantun da 'ya'yanmu suke zuwa za su iya ware yini ɗaya a lokacin hutu a zauna da yara a haɗa samfuri ɗaya tare. Ku kuma ma'aikatan jarida, ina roƙonku ku riƙa neman matasan da suke ƙera motoci da jirage da hannunsu a garuruwanmu, ku ba su fili, ku tambaye su yadda suke awo da irin kayan da suke amfani da su, domin a sami kalmomin wannan aiki da Hausa.

Dattijon da na ambata ya sake zuwa bayan 'yan watanni. A lokacin na gama wani jirgin DC-10 a ma'aunin 1/144, wanda tsawonsa bai kai santimita 40 ba, na yi masa fentin kore da fari irin na tsohon kamfanin Nigeria Airways da ya daina aiki a 2003, na ja layukan da kaina da salatif domin ban sami tambarinsa na sayarwa ba. Ya ɗauke shi da hannu biyu, ya daɗe yana kallon injin nan na uku da ke jikin wutsiya, sannan ya ce irinsa ne ya ɗauko shi daga Kano zuwa Jidda a tafiyarsa ta farko, ya nuna mini da yatsa wajen da yake jin kujerarsa take. Bai janye maganarsa ta farko ba, ni ma ban tuna masa ba. Da zai tafi sai ya ce, "Malam, to motar katakon da ta kai ni Kano daga ƙauyenmu fa, akwai ta?" Na ce, "Baba Alhaji, ban taɓa ganinta a kanti ba." Yanzu haka na sayi fallayen roba ina yanka bodinta da kaina, shi kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan biyo ya gyara mini inda na yi kuskure, domin ya ce tsaninta a baya yake ta hannun dama, ba ta hagu ba.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Jidda, Saudiyya